DARASI NA 14: TATTALIN GIDA SA'AD DA AIKI YA ƘARE

Karatu: II Sarakuna 4:1-7 da Yohanna 6:5-13.
Ayar haddacewa: Filibiyawa 4:12.
Nufin darasi: Mu koyi yadda gidan mai bi zai riƙe kansa cikin gaskiya da natsuwa ran da albashi ya yanke, da abin da ya wajaba a kan ikkilisiya ta yi wa irin wannan gida.

Gabatarwa

A shekara ta 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, waɗansu masaƙu kuma suka biyo bayanta, har dubban mutane daga ƙasashe dabam dabam suka taru suna cin abinci a gindinsu. A 2002 aka rufe ta, a 2007 kuma babbar masaƙar United Nigerian Textiles ta tsai da aiki. Haka ya faru a tudun Jos. Aikin kuza ya riga ya raunana, sai ga kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a Landan cikin watan Oktoba na 1985, mahaƙa da yawa a Bukuru da Barikin Ladi suka koma gida hannu wofi. Cikin waɗannan mutane akwai dattawan ikkilisiya, da mawaƙa, da malaman makarantar Lahadi. Ba ragwaye ba ne. Ƙofa ce aka rufe, su kuwa suna waje.

Abin da ya sami waɗannan yana iya samun kowane mai cin albashi. Saboda haka kada wani a cikin aji ya ce darasin nan na maƙwabcinsa ne. Kada kuma mu yi saurin cewa wanda aka sallama daga aiki zunubi ya yi. Abokan Ayuba sun yi wannan zato, Ubangiji kuwa ya tsauta musu a ƙarshen littafin. Almajirai ma sun yi shi a kan mutumin da aka haifa makaho, Yesu ya kawar da zancen (Yohanna 9:1-3). Tambayar da ke gabanmu ita ce, in abin ya zo, yaya za a yi da abin da ya rage?

1. A fara da abin da ke cikin gida

Matar da muka karanta labarinta gwauruwa ce. Mijinta yana cikin ƙungiyar annabawa, mai tsoron Allah ne, duk da haka ya mutu ya bar bashi. Mai bin bashin kuwa yana shirin zuwa ya kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. Mai ciyar da gida ya tafi, hanyar samu ta toshe. Sai ta kai kukanta wurin Elisha.

Ku lura da abin da annabin ya fara yi. Bai tambaye ta yawan bashin ba, bai kuwa aike ta gidan sarki ba. Ya nemi ta faɗa masa abin da ta ke da shi a ɗaka. Da fari ta ce babu kome, sa'an nan ta tuna da ɗan tulun mai. Haka baƙin ciki ya kan yi da mutum: ya kan cika masa ido da abin da ya ɓace, har ya kasa ganin abin da ke hannunsa. Ɗan man nan da ta raina kuwa, da shi Allah ya fanshi 'ya'yanta.

To, aiki na fari ga gidan da albashi ya yanke shi ne a zauna da takarda da alkalami a rubuta duk abin da ke akwai. Kuɗin hannu nawa ne, na banki nawa ne? Buhu nawa ne na masara ko dawa a ɗaka? Akwai akuya ko kaji? Akwai gona a ƙauye? Wa ke riƙe da bashinmu, mu kuma wa ke bin mu? Wace sana'a ce maigida ko uwargida ko babban yaro ya iya? Littafin Misalai ya gargaɗi makiyayi ya san halin garkensa sarai, gama dukiya ba ta dawwama (27:23-24). Wanda bai san abin da ya ke da shi ba, ba shi da hanyar sanin abin da zai ishe shi.

Cikin wannan lissafi a sa haƙƙin da doka ta ba ma'aikaci. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ce a ba lebura ko ƙaramin ma'aikaci sanarwa kafin a sallame shi: mako ɗaya in ya wuce wata 3 a bakin aiki amma bai kai shekara 2 ba, mako biyu in ya yi shekara 2 amma bai kai 5 ba, wata ɗaya in ya yi shekara 5 ko fi. Ana iya biyan kuɗi a madadin sanarwar. Dokar fansho ta 2014 kuma ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba, in ya rasa aiki har wata 4 bai sami wani ba, ya karɓi har kashi 25 cikin 100 na abin da ke cikin asusun fanshonsa. Neman haƙƙi da ladabi ba rashin bangaskiya ba ne. Shari'ar Musa ta hana a riƙe ladan ɗan ƙwadago har rana ta faɗi (Kubawar Shari'a 24:14-15). Sai dai a tuna, kuɗin fansho abincin tsufa ne. Wanda ya ɗebe shi yau ya rage na gobe, don haka kada a taɓa shi sai da dalili mai ƙarfi.

2. A rufe ƙofa, a faɗi gaskiya

Elisha ya ce wa matar ta shiga ɗaka da 'ya'yanta ta rufe ƙofa. Yaran ne suka riƙa miƙo mata tuluna tana zuba mai. Aikin na gida duka ne, amma ba a yi shi a dandali ba.

A nan maza da yawa su kan yi tuntuɓe. Mutum ya kan ɓoye wa matarsa takardar sallama, ya riƙa sa riga yana fita da safe kamar kullum, yana cin bashi don kada a gane. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Ran da asiri ya tonu, an yi hasarar kuɗi an kuma yi hasarar amana, na biyun ya fi wuyar mayarwa. Miji da mata jiki ɗaya ne. Ya kamata uwargida ta ji labarin tun ran fari, daga bakin mijinta, gama ita ce ta san abin da tukunya ke ci, ita ce kuma za ta fi kowa sanin inda za a rage. Ita ma ta kiyaye harshenta. Mutumin da aka raba da aikinsa ya riga ya ji ciwo. Gori a kan wannan ciwo ya kan kore shi daga gida zuwa mashaya. In kuwa uwargida ce aikinta ya ƙare, maigida ya yi mata yadda zai so a yi masa.

Yara ma a gaya musu gwargwadon hankalinsu. Yaron da ya san dalilin da ya sa nama ya ragu a miya ya fi haƙuri da wanda ya ke ganin rowa ce a ke yi masa.

3. A ƙidaya watanni

Ubangijinmu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, ya ce irin wannan mutum ya kan fara zama ya yi lissafi, ya ga ko abin hannunsa zai kai shi ƙarshe (Luka 14:28-30). Ya yi wannan magana ne a kan tamanin zama almajiri, amma ya ɗauko ta daga abin da kowane mai hankali ke yi. Lissafi ba ya gāba da dogara ga Allah. Yusufu ya gaskata mafarkin da Allah ya bayyana masa, gaskatawar nan ce kuwa ta sa ya ce a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gonar Masar har shekara bakwai (Farawa 41:34).

Ga yadda lissafin ya ke. A misali, a ce duk abin da gida ya tara, da kuɗin sallama da ajiya, ya kai naira 600,000. A ce kuma dā ana kashe naira 150,000 kowane wata. In aka ci gaba kamar ba abin da ya faru, kuɗin zai ƙare cikin wata 4. In aka sauko zuwa 100,000, zai kai wata 6. In aka iya saukowa zuwa 75,000, zai kai wata 8. Kuɗin ɗaya ne, amma gida ɗaya ya sami wata 4 na neman mafita, ɗayan ya sami 8. Duk abin da aka rage, kwana aka saya da shi.

Daga nan za ku ga dalilin da ya sa a ke fara ragi tun watan fari. Yawancin mutane su kan ce, bari mu ga wata ɗaya ko biyu tukuna, watakila a sake kiranmu. Sai su ci watannin nan da hannu sake, su zo su fara tsumulmula sa'ad da saura kaɗan. Ragin da aka yi da kuɗi a hannu shawara ce ta mai gida. Wanda aka yi bayan kuɗi ya ƙare kuwa tilas ce, mai bin bashi ne ya ke yanke ta.

A kuma bar gurbi domin tashin farashi. Sa'ad da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu na 2023, farashinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na abinci suka bi shi. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta wuce kashi 30 cikin 100. Saboda haka a riƙa sake duba lissafin a ƙarshen kowane wata.

4. Tuli uku

Bulus ya rubuta wa Timothawus cewa abinci da sutura sun isa su kwantar wa mai bi rai (I Timothawus 6:8). Ya kuma ce wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa ya musunci bangaskiya (5:8). Tsakanin ayoyin nan biyu ne za mu auna kashe-kashenmu. A ɗauki duk abin da gida ke kashe wa kuɗi a raba shi tuli uku.

Tuli na fari, abin da rai da amana suka rataya a kansa: hatsi, da mai, da gishiri, da ruwa, kuɗin haya, magani, musamman na mai ciwon da ba a yanke masa magani, kamar hawan jini ko ciwon sukari, kuɗin makarantar yara, da ɗan kuɗin mota da na waya domin neman aiki. Waɗannan a ke fara warewa ran da kuɗi ya shigo.

Tuli na biyu, abin da a ke bukata amma ana iya samunsa da sauƙi. Shinkafa ta koma ta ran Lahadi, tuwon masara ko na dawa ya riƙe sauran kwanaki. Wake da gyaɗa da daddawa su tsaya a wurin nama. Hatsin da aka saya buhu guda da kaka ya kan fi araha bisa wanda a ke awo mudu mudu da bazara, in dai akwai wurin ajiya mai kyau. Janareta ya huta sai da dalili. Tafiyar da ƙafa za ta iya, kada a hau babur. In kuɗin makarantar kuɗi ya gagara, a mai da yaro makarantar gwamnati a ƙarshen zango. Wannan ya fi a bar shi a inda za a riƙa koro shi gida saboda bashi. Abin da za a tsare shi ne kada karatun ya yanke, na 'ya mace kamar na ɗa namiji.

Tuli na uku, abin da za a daina ɗungum har Allah ya buɗe hanya: kuɗin tashoshin talabijin na wata wata, lemon kwalba, tsire a hanyar dawowa gida, sabuwar waya, sabon ɗinki na Kirsimati, da ankon kowane biki. Giya da caca kuwa ba su da wuri ko a lokacin wadata, balle yanzu.

Tuli na ukun nan ne ya fi wuya, gama ba ciki ke riƙe da shi ba, kunya ce. Mutum ya kan ji tsoron abin da za a ce in matarsa ta zo taron Zumuntar Mata da tsohon zane, ko in bai yanka kome ba ran Kirsimati, ko in an yi rasuwa a dangi bai ba da abin da ya saba bayarwa ba. Bukukuwan aure da na jana'iza sun jefa gidaje da yawa cikin bashin da ya ɗauki shekaru. Ku tambayi kanku, 'yan'uwa: mutanen da mu ke tsoron bakinsu, su ne za su biya mana haya? Ana iya zuwa gidan makoki a zauna, a ɗebo ruwa, a faskara itace, a yi ta'aziyya ta gaske ba tare da an ci bashi ba. Dangi na ƙauye da suka saba samun aike kuma, a gaya musu gaskiya tun da wuri. Iyayen da suka tsufa ba a yashe su, umarnin Allah ne a girmama su. Amma ana iya rage abin da a ke aikawa, a kuma roƙi sauran 'yan'uwa su ɗauki rabonsu.

Akwai tambaya ɗaya da ta kan dami masu bi na kirki: yaya za a yi da zakka da baiko? Zakka daga abin da ya shigo a ke fitar da ita. Wanda ba abin da ya shigo masa, ba a bin sa bashinta. Bulus ya gaya wa Korinthiyawa cewa Allah yana karɓar bayarwa gwargwadon abin da mutum ya ke da shi, ba ya neman abin da babu (II Korinthiyawa 8:12). Kada kowa ya ci bashi don ya yi baiko, kada kuma wani mai wa'azi ya ce wa mayunwaci ya ba da kuɗin abincin 'ya'yansa domin a ninka masa. Duk da haka kada hannu ya saba da rufewa. In ɗan abu ya shigo, a fitar da ɗan abu da murna. Wanda ba shi da kuɗi yana da ƙarfi da lokaci, yana iya share ɗakin sujada ko ya ziyarci marar lafiya. Abu ɗaya ne kawai ba shi da hujja, wato a daina zuwa sujada saboda kunyar faranti.

5. Bashi da jingina

Da mai ya cika tuluna, matar ta koma wurin Elisha. Ya ce ta sayar, ta biya bashinta, sa'an nan ita da 'ya'yanta su ci sauran. Ko da ya ke mai bin bashin marar tausayi ne, annabin bai ce a hana shi abinsa ba. Zabura ta 37 ta ce mugu ne ke ci bashi ya ƙi biya.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cin bashi ba zunubi ba ne, gudun mai shi ne abin kunya. Wanda aikinsa ya ƙare ya tafi da ƙafarsa wurin mai gidan haya da mai kanti da shugabar adashi kafin ranar biya ta zo, ya faɗi halin da ya ke ciki, ya faɗi abin da zai iya da ranar da zai iya, ya kuwa cika. Mutane sun fi haƙuri da wanda ya zo da kansa bisa wanda ya kashe waya.

Sabon bashi kuwa a yi nesa da shi, musamman irin wanda a ke bayarwa ta waya cikin minti kaɗan. Ku yi lissafi: in aka karɓi naira 50,000 da ruwan kashi 20 cikin 100 kowane wata, ruwan kaɗai 10,000 ne a wata. Cikin wata 5 an biya 50,000, uwar kuɗin kuwa tana nan ba ta motsa ba. Gaskiya ce Misalai ya faɗa, cewa mai cin bashi ya kan zama bawan mai ba da shi (22:7). Kada kuma a tsaya wa wani lamuni a irin wannan lokaci (22:26-27).

Haka nan a yi hankali da masu alkawarin ninka kuɗi. Mutumin da ke riƙe da kuɗin sallama, zuciyarsa kuma tana cike da tsoro, shi ne naman da su ke farauta. Cikin watan Disamba na 2016 shirin nan da a ke kira MMM ya rufe asusun mutane a Nijeriya, da yawa ba su sake ganin kuɗinsu ba, har da masu bi waɗanda 'yan'uwansu na ikkilisiya suka jawo su ciki. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Cacar ƙwallo ma ƙanwar wannan ce.

In tilas ta sa a sayar da kaya, Shari'ar Musa ta nuna mana abin da za a bari. Ta hana a karɓi dutsen niƙa jingina, gama wanda ya karɓe shi ran mutum ya karɓa (Kubawar Shari'a 24:6). Dutsen niƙanmu a yau shi ne keken ɗinki, ko injin markaɗe, ko babur na haya, ko gona. A sayar da talabijin da kujerun falo kafin a taɓa waɗannan. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

6. Gutsattsari

Karatunmu na biyu ya nuna mana taron mutum wajen 5,000 a wurin da ba kasuwa. Filibus ya yi lissafi ya ce gurasar dinari 200 ba za ta isa ba. Dinari ɗaya kuwa ladan yini ne na ɗan ƙwadago, wato kuɗin ya fi ladan wata shida. Andarawus ya duba abin da ke akwai, ya sami yaro da gurasar sha'ir biyar da kifi biyu. Yesu ya karɓa, ya yi godiya, ya rarraba, kowa ya ƙoshi. Sa'an nan ya umarta a tattara gutsattsarin da suka rage don kada kome ya lalace, aka cika kwando 12.

Ku yi tunani a kan wannan. Shi wanda ya ke da ikon yawaita gurasa bai yarda a zubar da ɓarɓashi ba. In haka ne, almubazzaranci ba alamar bangaskiya ba ne. Ragowar tuwo ta zama ɗumame da safe. A kashe wuta da zarar an sauke tukunya. A ɗinke riga tun yagewar tana ƙarama. Bayan ɗaki a shuka alayyafo da kuɓewa da yakuwa da zogale, ruwan wanke-wanke ya ishe su. A ajiye ɗan littafi a riƙa rubuta kowace naira da ta fita har wata guda. Za ku yi mamakin ganin inda kuɗi ke zurarewa, gama ƙananan ramuka ne ke zubar da hatsi daga buhu.

Ku lura kuma cewa Ubangiji ya yi godiya tun gurasar tana biyar, kafin ta yawaita. Gidan da ke yin godiya a kan tuwo da miyar kuka ya riga ya tsira daga rabin wahalarsa.

7. Hannu ya koma ga aiki

Ragi kaɗai ba ya cika rumbu. Sa'ad da Kalaudiyus sarkin Roma ya kori Yahudawa daga birnin, Akila da matarsa Biriskilla suka rasa mazauninsu. Suka sauka a Koranti suka kafa sana'arsu ta ɗinkin alfarwa, Bulus kuma, masanin Attaura, ya zauna tare da su yana ɗinki (Ayukan Manzanni 18:1-3). Rut ta shiga gonar wani tana kala a bayan masu girbi, ta wurin zuriyarta kuwa aka haifi Dawuda. Ba aikin halal da ya ƙasƙanta ga mai bi. Wanda ya saba zama a ofis, in ya koma noma ko ƙaramin ciniki ko koyar da yara da yamma, bai zubar da girmansa ba. A fara da ƙarami, da sana'ar da aka sani, kada a zuba dukan kuɗin sallama cikin cinikin da ba a taɓa yi ba. Gida biyu maganin gobara.

Waɗansu su kan ɗauko maganar Bulus ga Tasalonikawa game da wanda ba ya aiki su jefi marar aiki da ita (II Tasalonikawa 3:10). A karanta ayar da kyau. Wanda ya ƙi aiki a ke nufi. Wanda ke nema bai samu ba, ayar ba ta taɓa shi ba.

8. Rabon ikkilisiya

Tulunan da gwauruwar nan ta cika, na maƙwabta ne. Da sun hana ta aro, da man ya tsaya da wuri. Cikin sura ɗaya Bulus ya ce mu ɗauki nauyin juna, ya kuma ce kowa zai ɗauki kayansa (Galatiyawa 6:2, 5). Duka biyu gaskiya ne. Gida ya yi nasa, ikkilisiya ta kama masa inda ya fi ƙarfinsa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da aka yi yunwa a zamanin Kalaudiyus, masu bi na Antakiya suka aika da gudummawa zuwa Yahudiya, kowa gwargwadon ƙarfinsa (Ayukan Manzanni 11:27-30).

Dattawa su nemi irin waɗannan gidaje da kansu, gama masu mutunci ba su kan yi roƙo ba. A kai taimako a asirce, kada a kira suna daga bagade. Mai gona ya ba da aron fegi, mai sana'a ya ɗauki yaro ya koya masa, wanda ya ji labarin aiki ya kai. A kuma sassauta yawan karo-karo da anko, don kada ɗakin sujada ya zama wurin da matalauci ke jin kunyar shiga.

Daga kurkuku Bulus ya rubuta ayar da za mu haddace. Ya ce ya san zaman ƙunci ya san na yalwa, ya kuma ce koya ya yi. Abin da a ke koya kuwa, kowa yana iya koyonsa, a hannun Kristi mai ƙarfafa mu.

Tambayoyi

1. Me ya sa Elisha ya fara da tambayar abin da ke cikin gidan matar?
2. Gida yana da naira 480,000, yana kashe 120,000 a wata. Wata nawa zai kai? In an sauko zuwa 80,000 fa?
3. Waɗanne abubuwa ne mu kan saya saboda idon mutane kawai?
4. Mene ne dutsen niƙa a gidanka?
5. Akwai wata al'ada a ikkilisiyarmu da ke nawaita wa marasa aiki? Yaya za a gyara ta?

Aikin mako

Kowane gida, ko mai aiki ko marar aiki, miji da mata su zauna tare su rubuta tulin nan uku. Masu albashi su yanke abin da za su riƙa ajiyewa kowane wata tun ana cikin shekarun ƙoshi.

Addu'a

Ya Ubanmu, kai ne mai ba da abincin yini. Ka dubi 'yan'uwanmu da aka rufe wa ƙofar aiki, ka tsare su daga fid da zuciya da bashi da ruɗin masu cuta. Ka ba mu gaskiya a cikin gidajenmu, da hikimar tattalin abin da ka danƙa mana, da hannu buɗaɗɗe ga juna. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.